Yadda Ake Hidimar Jana'iza a Unguwa, Daga Fitar Rai Zuwa Fitar Takaba

A garuruwanmu babu kamfanin da ake miƙa wa gawa a biya shi ya gama komai, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe. Wanka da suturtawa da sallah da binnewa duk suna wuyan dangi da maƙwabta, kuma a shari'a farilla ce ta kifaya, wato idan wasu suka tsaya da ita sun ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari to laifin ya hau kan duk wanda ya sani. Abin da yake damuna shi ne, a unguwanni da yawa dattijo ɗaya da tsohuwa ɗaya ne kawai suka iya aikin, ranar da suka yi tafiya ko suka kwanta ciwo sai a rasa mai taɓa gawa. Na daɗe cikin masu wannan hidima, kuma tsarin da zan bayyana shi ne wanda muke bi a mazhabar Malikiyya, tare da nuna wuraren da za ka ga wasu suna yin daban. Karatu kaɗai ba zai ishe ka ba. Ka tsaya kusa da wanda ya iya, ka zuba masa ruwa, ka taya shi juya gawa sau da dama kafin ka jagoranci wanka da kanka.

Kayan da za a tanada tun kafin a yi rasuwa

Mutuwa ba ta jiran kasuwa ta buɗe, don haka kowane masallacin unguwa ya kamata ya ajiye akwati guda na kayan jana'iza, makullinsa a hannun mutum biyu, kuma mata su san inda za su same shi.

Na wanka: bokiti uku, buta, moɗa, sabulu, garin ganyen magarya, kafur, auduga, tsummoki masu tsabta, tawul, almakashi, safar hannu ta roba da yawa, da takunkumin rufe hanci. A haɗa da zani mai kauri mai duhun launi na rufe al'aura, domin farin ƙyalle marar kauri yana nuna jiki da zarar ya jiƙe. Ana kuma buƙatar katako mai faɗi da za a shimfiɗe gawa a kai. Idan babu, a cire ƙyaure a ɗora shi bisa bulo, gefen kai ya ɗan fi tudu don ruwa ya gangara ta ƙafa.

Na sutura: farin yadi na auduga, allura da zare, da turare. Na kabari: diga, shebur, dagi, kwanon kwasar ƙasa, igiyar awo, jarkokin ruwa, tocila, da abin rufe bakin kabari, ko itatuwa ne ko fasassun tukwane ko bulo, gwargwadon abin da aka saba da shi a maƙabartarku. Sai makara da tabarma da mayafin lulluɓe ta. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, littafi da biro da lambobin wayar masu haƙa kabari da liman da mai motar ɗaukar gawa. Rundunonin 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da Izala da Fityanul Islam suna taimakawa da mota da hannu a garuruwa da yawa, kuma gara a san shugabansu na yanki tun ana zaune lafiya.

1. Lokacin gargara da fitar rai

Idan ka tarar da mutum yana gargarar mutuwa, ka rage jama'ar ɗakin, ka juyar da shi ta gefen dama fuskarsa na kallon alƙibla idan hakan ba zai wahalar da shi ba, sannan ka riƙa faɗin kalmar shahada kusa da kunnensa a hankali. Kada ka ce masa "ka faɗa", kada kuma a taru a kansa ana ta maimaitawa da ƙarfi, saboda mai raɗaɗi yana iya ƙosawa ya furta abin da ba a so. Da ya faɗa sau ɗaya a ƙyale shi, sai idan ya sake wata magana ta daban.

Kafin a ce ya cika, a tabbatar. Doguwar suma tana kama da mutuwa, musamman ga mai ciwon sukari ko wanda ya zubar da jini, saboda haka idan akwai ma'aikacin lafiya kusa a kira shi ya duba. Da an tabbatar, ka shafe idanunsa su rufu, ka ɗaure haɓarsa da ƙyalle zuwa tsakar kai don kada baki ya saki, ka lanƙwasa hannaye da ƙafafu a hankali ka sake miƙar da su, domin bayan 'yan sa'o'i gaɓoɓi suna sandarewa kuma wanka ya yi wuya. Ka lulluɓe shi gaba ɗaya. Zobe da agogo da waya da makullai da kuɗin aljihu a cire su a gaban mutum biyu, a rubuta, a damƙa wa babba ɗaya a cikin iyali. Rigimar gado da yawa daga wannan sa'ar take farawa.

2. Raba aiki, sanarwa da takardu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kuma idan kowa yana ba da umarni babu abin da zai tafi daidai. A tsayar da mutum ɗaya wanda ba ɗan mamacin ba kuma ba ƙaninsa ba, domin su hankalinsu ba ya jikinsu, shi zai tura masu kabari, ya tura mai kawo likkafani, ya tsayar da lokacin sallah tare da liman da babban gida.

Iyaye da mata da 'ya'yan mamaci a gaya musu baki da baki, ko ta bakin wanda suke jin nauyinsa, kafin labari ya hau WhatsApp ko Facebook. Ba daidai ba ne uwa ta ji mutuwar ɗanta daga wayar maƙwabciya, kuma hoton gawa ba abin yaɗawa ba ne ko da da niyyar neman addu'a. Sunna ita ce a gaggauta. Ana iya jiran ɗan da ke kan hanya sa'a biyu ko uku, amma ba a kwanar da gawa saboda mai zuwa daga nesa, balle a watannin Maris zuwa Mayu da zafi kan haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri. Idan rasuwar dare ce kuma dole a kai safe, a sa gawa a ɗaki mai iska, a jera ƙanƙara a cikin leda a gefenta, ko a kai ta ɗakin ajiye gawa na asibiti.

Idan a asibiti aka rasu, kada a fita sai an karɓi takardar likita mai shaida mutuwar. Da ita ake zuwa ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa a Nijeriya, kuma sai da wannan shaida banki da hukumar fansho za su saurari magada. Idan hatsarin mota ne, ko kisa, ko mutuwar da ake zargi, a sanar da 'yan sanda kafin a taɓa ruwa. Idan kuwa ana zaton zazzaɓin Lassa ne ko amai da gudawa, to a nan ba a yin jarumta: a kira jami'an lafiya na ƙaramar hukuma, a bi abin da suka ce, domin jini da ruwan jikin irin wannan gawa suna ɗauke da cutar, kuma shari'a ta yarda a sauya wanka da taimama idan akwai cutarwa.

3. Haƙa kabari

Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, don haka shi ake fara turawa. A manyan maƙabartu irin ta Ɗandolo a Kano akwai masu haƙa na dindindin, sai dai a kai musu awo. A ƙauye kuwa samarin unguwa ne. A auna tsawon mamaci da igiya ko kara, a ƙara taƙi ɗaya, a kuma gaya musu idan mai jiki ne.

Alƙiblarmu gabas ce, saboda haka kabari yana miƙewa ne kudu da arewa, kai a kudu, ƙafa a arewa, don idan aka kwantar da shi bisa dama fuskarsa ta kalli gabas. Ana fara haƙa uwa, wato babban rami mai faɗi, sannan a tsakiyarta a haƙa ɗa, wato ƙaramin rami, wanda faɗinsa bai wuce abin da zai ɗauki mutum a kwance ta gefe ba, zurfinsa kuma ya kai yadda itatuwan rufi ba za su taɓa kafaɗa ba. Dokar zurfi gaba ɗaya ita ce ya hana wari fita, ya hana dabba tonowa. Inda ƙasa take da ƙarfi, lahadu ya fi falala, wato a rarake gefen alƙibla a ƙasan ramin. Amma a ƙasa mai yashi kada a gwada shi, zai rufta. Da damina a guji kwari da hanyar ruwa, kuma idan an gama haƙa ana hadari a rufe bakin ramin da kwano ko leda. In aka ci karo da tsohon ƙashi, kada a fasa shi, domin hadisi ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. A mayar da ƙasa a koma wani wuri, in wuri ya yi ƙaranci a tattara shi da mutunci a rufe a gefe.

4. Yanka likkafani

Wajibi shi ne tufa ɗaya da za ta rufe jiki, kuma an suturta Manzon Allah (SAW) da fararen tufafi uku. Abin da malaman Malikiyya suka fi so shi ne biyar ga namiji: zani daga cibiya zuwa ƙwauri, riga, rawani, da manyan mayafai biyu, bakwai ga mace: zani, riga, ɗankwali, da manyan mayafai huɗu. Kowane babban mayafi ya fi tsawon mamaci da taƙi biyu ta kai da taƙi biyu ta ƙafa don a sami wurin ɗauri. Rigar ba ta buƙatar tela: a ninka yadi biyu, a yanka wuya a wurin ninkin. Idan yadin ba shi da faɗi, a haɗa biyu da ɗinkin hannu. A yage siraran igiyoyi uku ko biyar daga gefen yadin. Gidan da ba su da hali kada a matsa musu sai biyar ko bakwai. Uku sun isa, ɗaya ma ta isa, kuma wankakken farin zani da aka taɓa ɗaurawa ya halatta.

5. Wanka

Namiji ke wanke namiji, mace ke wanke mace, sai miji da mata, waɗanda kowannensu yana da haƙƙin wanke ɗan'uwansa. Asma'u bint Umais ce ta wanke mijinta Sayyidina Abubakar. Mata suna iya wanke yaro ɗan shekara shida ko bakwai. Idan mace ta rasu babu mata babu muharrami, namiji ya yi mata taimama a fuska da tafin hannu kawai. In namiji ne a cikin matan da ba muharramansa ba, su yi masa taimama har gwiwar hannu. Jaririn da bai yi kuka ba bayan haihuwa, a Malikiyya ana wanke masa jini ne a naɗe shi a binne, ba a yi masa sallah.

Mutum uku sun isa: mai wanka, mai zuba ruwa, mai taya juyawa. A kewaye wurin, a fitar da 'yan kallo, a san inda ruwan zai gangara, in tsakar gida ta ƙasa ce a haƙa ɗan rami. Kowa ya sa safar hannu. Ka shimfiɗa zanin nan mai kauri daga cibiya zuwa gwiwa tun kafin a cire tufafi, sannan a zare su ta ƙarƙashinsa, wanda ya ƙi fita a yanka shi da almakashi maimakon a murɗe hannun mamaci.

Ka ɗan ɗago kafaɗunsa, ka shafa cikinsa a hankali daga sama zuwa ƙasa don abin da ke shirin fita ya fita, mai ruwa yana ta zubawa. Mace mai ciki ba a matsa mata. Ka naɗa tsumma a hannun hagu ka yi masa tsarki ta ƙarƙashin zanin, ba tare da ka duba ba, har ruwa ya fito fes. Ka jefar da tsumman, ka sauya safa. Daga nan sai alwala irin ta sallah, sai dai ba a ɗura ruwa a baki ko hanci: da jiƙaƙƙen ƙyalle ake goge haƙora da ƙofofin hanci, a ɗan karkata kai.

Sai ka wanke kai da gemu, ka juya shi bisa hagu ka wanke ɓangaren dama tun daga wuya har ƙafa, gaba da baya, sannan ka juya shi bisa dama ka wanke hagu. Ba a kifa gawa bisa fuska. Wannan wankan na farko da ruwa zalla ake yi, wanda ba a sa masa komai ba, domin shi ne na farilla. Na biyu da magarya: a kaɗa garin a ruwa har ya yi kumfa, a cuɗa jiki da shi, a kula da hammata da bayan kunne da matsematsi da tsakanin yatsu, in babu magarya sabulu ya wadatar. Na uku da ruwan da aka narka kafur a ciki, kuma ba a ɗauraye shi, saboda yana ƙamsasa jiki, yana sanyaya shi, yana kuma korar ƙwari. Asalin wannan tsari hadisin Ummu Aɗiyya ne, lokacin da suka wanke 'yar Manzon Allah (SAW), inda ya umarce su da wanki uku ko biyar ko fiye, da ruwa da magarya, a sa kafur a na ƙarshe, a fara da dama da gaɓoɓin alwala. Idan uku ba su tsabtace ba a kai biyar ko bakwai, a dai tsaya a adadin da yake mara.

Ga mace, a tsefe kitso, a wanke gashin, a yi masa kalba uku a mayar baya. Ƙarin gashi da jan farce a cire su idan za su fita cikin sauƙi. Lalle ba ya hana komai. Ba a yanke farce, ba a aske gashi, abin da ya faɗo da kansa a sa shi cikin likkafani.

Kurakuran da na fi gani ga sababbin hannu su ne cuɗa da ƙarfi, da fizge filastar asibiti, da sake wanka gaba ɗaya don wani abu ya fito bayan an gama. Idan najasa ta fito, wurin kaɗai ake wankewa, a toshe da auduga. Raunin da ke zubar jini a bar masa bandejinsa, ko a ɗora auduga a naɗe. Wanda ya ƙone, ko ya kwana a ruwa har fata tana saɓulewa, kwarara masa ruwa ake yi ba cuɗawa, in hakan ma zai ɓata jikin a yi taimama. Da hunturu babu laifi a sirka ruwan ya yi ɗumi. Bayan an gama a tsane jiki da tawul.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan nauyi, wato amana. Duk abin da idonka ya gani a wurin wanka, tabo ne ko canjin launi ko wata larura da mutum ya ɓoye tsawon rayuwarsa, a nan zai tsaya. Duhun fuska da kumburi sau da yawa daga irin ciwon ne ko daga yadda jini ya kwanta bayan fitar rai, ba hujja ce a kan makomar kowa ba, kuma wanda ke fita yana ba da labari bai cancanci a sake kiransa ba. An so mai wankan ya yi wanka bayan ya gama.

6. Suturtawa

A shimfiɗa igiyoyin a ƙasa tukuna, sai babban mayafi, sai na biyu, sai riga a buɗe, sai zani, a turara su. A ɗauko mamaci da zanin rufinsa a kwantar. A shafa kafur ko turare a gaɓoɓin sujada, wato goshi da hanci da tafin hannu da gwiwoyi da yatsun ƙafa, a sa auduga a kafofin da ake tsoron wani abu ya fito. A ɗaura zani, a zare jiƙaƙƙen daga ƙasa, a sa riga, a naɗa rawani ko ɗankwali, sannan a rufo kowane mayafi ɗaya bayan ɗaya, ɓangaren hagu tukuna, dama ta hau kansa. Ɗaurin ya zama zarge mai saurin kwancewa, kuma ƙullin ya faɗo ta hagu, domin nan ne zai zama sama a cikin kabari. Ka yi wata alama ta wajen kai. Kafin a rufe fuska, a ba iyali dama su shigo su yi masa addu'a, kaɗan kaɗan, ba tare da an ja lokaci ba.

7. Sallah

A al'adarmu ana yin ta a ƙofar gida ko filin masallaci, kuma Malikiyya sun karhanta shigar da gawa cikin masallaci. A guji daidai fitowar rana da faɗuwarta, sai idan ana tsoron gawa ta canza. A ajiye makara gaban liman, kai ta damansa. Liman yana tsayawa daidai tsakiyar namiji, daidai kafaɗar mace. Za ka ga wasu limamai suna tsayawa wajen kan namiji da tsakiyar mace, su ma da hadisi suka dogara. A yi sahu uku ko fiye.

Kabbara huɗu ce a tsaye, babu ruku'u babu sujada, sai sallama ɗaya. A Malikiyya addu'a ake yi wa mamaci bayan kowace kabbara, mafi ƙarancinta "Allahummagfir lahu warhamhu", ga mace "laha warhamha". Wasu kuma suna karanta Fatiha bayan ta farko, salatin Annabi bayan ta biyu, addu'a bayan ta uku. Ka bi limaminka, kuma kada a mayar da gaban gawa wurin jayayya, domin iyalin da ke tsaye a sahun farko ba za su manta da wanda ya tayar da murya a ranar ba. A sanar da jama'a namiji ne ko mace ko yaro kafin a tayar. A nan ne kuma wakilin iyali zai ce duk mai bin mamaci bashi, ko wanda mamaci ke bi, ya same shi, ya faɗi sunan wanda za a samu a fili.

8. Rakiya da binnewa

A ɗauki makara da sauri matsakaici, ba gudu ba, ana karɓa-karɓa. A maƙabarta a bi hanya, kada a taka kaburbura. Mutum biyu ko uku su tsaya a cikin uwa, makusanta sun fi cancanta, ga mace kuma mijinta ko muharramanta, tare da miƙa mayafi a saman kabarin har a gama sa ta. A kwantar bisa dama ana cewa "Bismillahi wa ala millati Rasulillah", a kwance ƙullin, a tokare baya da kai da ɓurɓushin ƙasa don kada ya kife ko ya koma rigingine. A jera itatuwa ko tukwane a matse, a toshe ramuka da ganye, a shafe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa har babu kafar da busasshiyar ƙasa za ta zuba ciki. Wannan shafen shi ne abin da gaggawa ke ɓatawa, kuma shi ya sa kabari ke ruftawa a ruwan farko. Daga nan kowa ya zuba tafi uku, a tura sauran ƙasa, a tayar da ita kamar taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa, a sa alama. A tsaya kaɗan a roƙa masa gafara da tabbata wajen tambaya. Masu haƙa a sallame su a ranar, daga asusun unguwa idan gidan ba su da shi.

9. Zaman makoki

Kwana uku ne. Maza a ƙofar gida, mata a ciki. A tanadi rumfa da tabarmi da ruwan sha, a sa saurayi ɗaya ya kula da takalma da babura, don ɓarayi suna bin taron makoki. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci saboda abin da ya shagaltar da su ya zo musu. To haka ya kamata: maƙwabta su raba kwanakin a tsakaninsu, gida kaza safe, gida kaza dare, kada tukunya ta hau wuta a gidan rasuwa don baƙi. Wata mace mai natsuwa ta zauna kusa da matar mamaci ta tabbatar ta ci ta sha, wata kuma ta ɗauki nauyin ƙananan yara, waɗanda akan manta da su a cikin hayaniya.

Gaisuwa gajera ce: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari." Kada ka sa mai rashi ya maimaita maka yadda ciwon ya faro, a wakilta ɗan'uwa ɗaya ya riƙa amsa wannan. Kada a tsawata wa mai hawaye, domin Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar da ke nuna fushi da hukuncin Allah. Yara a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, domin yaron da aka ce wa "Baba ya yi tafiya" zai yi ta zaman jira a bakin zaure. Kuɗin ta'aziyya a sa mutum ɗaya amintacce ya karɓa ya rubuta, abin da aka ba matar kuwa nata ne. Sadakar uku da bakwai da arba'in al'ada ce da malamai suka saɓa a kanta. Ko wane ɓangare gidan suke bi, ba a yin ta da bashi, ba a kuma yin ta da dukiyar marayu. Idan maƙwabcinka Kirista ne aka yi wa rashi, ka je gaisuwa, ka kai abinci, ka ba da kujeru da hannu, ibadar binnewa kuma ka bar wa cocinsu.

10. Bayan an naɗe tabarmi

Jana'iza ba ta rasa jama'a. Rana ta huɗu ce ke rasa su, kuma a ganina nan ne ake gane unguwar da ke da tsari. A cikin makon farko, manya biyu daga dangi da ɗaya daga masu hidimar jana'iza na unguwa su zauna su rubuta duk abin da mamaci ya bari: gida, gona, dabbobi, kayan shago, asusun banki, adashi, da ajiyar mutane da ke hannunsa. Jerin fitarwa a shari'a shi ne kuɗin jana'iza, sai bashi, wanda ya haɗa da ragowar sadakin matarsa, sai wasiyya da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba kuma ba ga magaji ba, sannan gado. Matar mamaci tana da ɗaya cikin takwas idan akwai 'ya'ya, ɗaya cikin huɗu idan babu, kishiyoyi kuma su raba wannan kason. A kai rabon gaban malamin da ya san fannin ko kotun shari'a, kuma kada a jinkirta shi shekaru da sunan zumunci, domin mai ƙarfi ne ke cin moriyar jinkiri. Rabon marayu a rubuta shi da shaidu, a san hannun da yake.

Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 a Suratul Baƙara ta faɗa, ana ƙirga ta da watan Musulunci daga ranar rasuwa, mai ciki kuma sai ta haihu. A rubuta mata ranar fita tun farko don kada a ruɗe. Za ta bar ado da turare da kwalli da lalle, ta kwana a ɗakinta na gidan miji, kuma idan gidan mallakarsa ne babu mai ikon fitar da ita kafin ta gama. Tana wanka duk lokacin da ta so, tana magana da mutane, tana fita da rana don asibiti ko aiki ko kasuwa idan akwai buƙata. Riƙe wuƙa da hana wanka sai Juma'a da makamantansu ba su da tushe, ƙari ne kawai a kan wahalarta.

A tsara mata biyu ko uku da za su riƙa leƙa ta kowane mako, su tafi da abin hannu, su duba buhun hatsi da idonsu, domin mai kunya za ta ce "lafiya lau" ko da tukunyarta a kife take. A sa ido a lokuta uku da nauyi ke faɗowa: komawar yara makaranta, shigowar azumi, da ƙarewar kuɗin haya. Wanda ya iya zirga-zirgar ofis ya raka ta banki da ofishin fansho, don za a nemi shaidar mutuwa da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Idan makonni suka wuce mai rashi ba ya barci, ba ya cin abinci, ko yana maganar gara ya bi mamacin, kada a tsaya ga "yi haƙuri". A haɗa addu'a da kai shi asibiti, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

A cikin makon nan kuma a wanke makara da katako da bokitai da ruwan bilic, a shanya tabarmi, a mayar da yadi da kafur da safar hannu da aka ɗiba daga akwati, a rubuta abin da aka kashe a littafin asusu, a karanta shi gaban jama'a bayan sallar Asuba.